Faratan Bikin Sakina

Duk wanda ya ce mace ba za ta iya ɗaura wa doki sirdi da farcen kanti a hannu ba, a turo min shi Karofane. Ni Nasiba na ɗaura, na ja majayi har doki ya yi nishi, na hau na zaga fadama na dawo, farce ko ɗaya bai ɓalle ba. Ina faɗin wannan tun da wuri don kada a ɗauka labarin wata sakarya zan bayar.

Mahaifina, Malam Dodo, mutumin dawaki ne tun tasowarsa. Shekara biyu ke nan da hawan jini ya shanye masa ɓarin dama, ya kwantar da shi a ɗaki. Yayyena maza biyu suna can wajen nema, ɗaya Abijan ɗaya Libiya, abin da muke samu daga gare su sai murya a waya da alkawarin zuwa baɗi. Barga kuwa ba ta san baɗi ba. Don haka ni na ɗauki tsintsiya da guga, kuma ba wanda ya tilasta ni. Tun ina ƴar ƙarama nake bin Baba da ƙwaryar kanwa, na san aikin fiye da su biyun a haɗe, su ma sun sani.

Dawaki biyu suka rage mana. Akwai Akawal, tsohon ingarma baƙi mai son jiki, sai Gunya, goɗiyar da Baba yake ji da ita kamar ransa. Kakarta ta kakana ce, uwarta a hannun Baba aka haife ta, ita ma haka. Bara na ja ta da kaina har Tama wajen wani ingarma da Baba ya zaɓa, ta dawo da ciki. Tun daga ranar Baba ya samu abin jira. Mutumin da ya daina tambayar gona, ya daina tambayar farashin hatsi, sai ga shi yana ƙirga wata da yatsun hannunsa mai lafiya. Ya taɓa ce min shi ba ya roƙon Allah ya tashe shi, ya dai nuna masa duƙushin nan tsaye da ƙafafunsa.

To ana cikin haka bikin Sakina ya taso. Sakina aminiyata ce tun muna lakkol, wato makarantar boko, angonta ya dawo daga Abijan da farkon damina, aka sa rana. Ranar da ta zo nuna min zanen da ƙawaye za su ɗaura, ta kama hannuna ta juya shi, ta dubi kantar igiya da ke tafin, ta dubi faratana da suka guntule suka yi baƙi da ƙasar barga.

"Nasiba, da hannun ga za ki zamna kusa gare ni? Ke ta babbar ƙawa fa. Kowa hoto shika ɗauka yanzu."

Na yi dariya, amma maganar ta zauna min a rai. Shekarata ashirin da uku, rabona da ko lalle tun kafin ciwon Baba. Na so in yi kyau, ba wani abu ba ne, kuma ba na jin kunyar faɗi.

A Buza akwai wata mata, Saude, da ta koyo kwalliya a Yamai take manna wa mata farata. Mu nan ba a sa su sai a kwanakin da mace ba ta salla, tun da ruwan alwala ba ya ratsa su. Na duba lissafina, ya faɗo daidai da makon biki. Na duba na Gunya, bisa ƙirgar Baba da tawa saura mata mako biyu cur. Komai ya zauna daram. Ranar Litinin na hau moto, wato babur, na je, Saude ta goge min farata, ta shafa kol, wato gam, ta manna min goma dogaye, jajaye kamar tattasai. Da zan tafi ta riƙe ni.

"Kar ki ɓamɓare su da ƙarhi, kina jiya? Kol ɗin ga ba shi da wasa. In kin gama biki ki komo in jiƙa miki su da ruwan ɗebewa, su hita da kansu."

Na ce na ji.

Wanda ya fara ganinsu a gida Baffa Alƙasim ne, ƙanen Baba, gidansa na jikin namu. Mutum ne mai faɗin ƙirji da faɗin baki, ba ya ganin abu ya wuce shi. Yana zaune a zaure yana gyaran kalmensa na noma na shigo.

"A'a. Shaho munka samu gidan ga? Da wagga akaihwa za ki kama ragama?"

"Da ita za ni kamawa, Baffa."

"To in ta kai ki ƙasa ki kira ni in ɗauke ki."

"Ka dai zamna ka gani."

Ya kuwa gani. Rabin yini kawai na yi ina lalube kafin in gane kan abin. Ba da bakin yatsa ake kama igiya ba, da cikinsa ake kamawa. Ƙullin dabaibayi da gaɓar yatsa nake tura shi. Majayi kuwa sai in naɗe shi a dunƙulen hannu in ja da kafaɗa. Cire kaska ma har ya fi sauƙi, don farcen yana shiga ƙarƙashinta ya ɗago ta ɗungurungum. Akawal, tsohon banza, da na sosa masa gindin geza sai ya saki leɓe ya lumshe ido, ya riƙa bina da kai yana neman ƙari. Da la'asar na hau shi na bi ta bakin rijiya da gangan, linzami a hannu, farata na ƙyalli, mata suka ajiye guga suna kallo. Baffa na tsaye a ƙofar gida na wuce shi a sukwane. Da na dawo ya tambaye ni ko shi ma Saude za ta manna masa.

Abu ɗaya ne kawai ya gagara. Kullum da safe nakan tsuguna in shafa hantsar Gunya. Haka Baba ya koya min: idan haihuwa ta matso, nonon yakan cika ya yi tauri, wani abu kamar kakin zuma ya fito a bakinsa, daga nan kwana ɗaya ne ko biyu. Safiyar Talata na kai hannu yadda na saba, bakin farce ya soke ta a wuri mai taushi. Ta zabura, ta kwantar da kunne, ta juya min gindi. Washegari tun kafin in tsuguna ta matsa ta ɗaga ƙafa. Na ce a raina, ke da saura mako biyu, yi zamanki, ranar Lahadi na cire su mu shirya. Ko leƙawa ban tsaya na yi ba, ana jirana gidan su Sakina wajen daka.

Idan na kai wa Baba kununsa, tambayarsa ɗaya ce, da muryarsa da ciwo ya sa ta yi nauyi.

"Hantsat ta hwa?"

"Da saura, Baba."

Haka na ce masa Talata, haka Laraba, haka Alhamis. Ban ɗauke ta ƙarya ba a lokacin, don na tabbata da sauran.

Ranar Juma'a, ranar ɗaurin aure, aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Bai ɗauke ba sai da hantsi, ƙoramar da ke tsakaninmu da hanyar Buza ta cika ta batse. Ina ɗaki na ɗaura zanen biki, ina fama da ɗan kunne da dogayen faratana, Inna mahaifiyata ta leƙo.

"Taho ki ga goɗiyag ga. Kwance take, kuma ruwan haihuwa ya zuba."

Na fita da ɗan kunne ɗaya. Gunya na kwance a gefe, wuyanta jiƙe da gumi, tana nishi. Ban tsorata ba, na ga haihuwar dawaki ba ɗaya ba ba biyu ba. Goɗiya ba ta daɗewa, kafin a dama fura ta gama. Ƙafafun gaba biyu ke fara fitowa, hanci na kwance a kansu. Na zaga bayanta na duba. Ga kofato ɗaya, ga ɗan hanci. Na jira na biyun. Ta yunƙura, ta sake yunƙurawa, ƙafa ɗayan nan dai ita ce, ba ta ƙaru ba. A nan na san ɗayar ta lanƙwashe a ciki ta tokare.

Na kira likitan dabbobi a waya. Yana Buza, ya ce ko da jirgi ne ba zai tsallake ruwan nan kafin azahar ba, in akwai mai iya sa hannu ya sa yanzu. Inna ta ƙwala wa Baffa kira ta kan katanga, ya shigo da gudu. Ya dubi Gunya, ya dubi hannunsa mai faɗin faifai, ya girgiza kai. Bai taɓa yi ba, kuma ko ya taɓa, hannun ba zai wuce ba. Ni na taɓa. Na juya wa awaki ƴaƴa ba adadi, na yi wa jakar maƙwabta, kuma ina tsaye kusa da Baba ranar da ya yi wa uwar Gunya. Na naɗe hannun riga, sai muka dubi yatsuna mu uku a tare.

Daga ɗaki muka ji muryar Baba. Tun da ya kwanta bai yarda an fito da shi barga ba, ya ce ba za a ɗauke shi kamar buhu a gaban dawakinsa ba. Ran nan da kansa ya ce, "Alƙasim, ɗauko ni." Baffa ya goyo shi, ya zaunar da shi a kan tabarma ya jingina shi da bango. Baba ya dubi ƙafar da ta fito, ya dubi hannuna.

"Kar ki sa shi hakanan. In kinka tsaga ta ciki, ta tahi. Ɗebe su."

Na ɗauko almakashin Inna na datse na babban yatsa. Bakin da ya bari ya fi na da muni, kaifi kamar fasasshiyar kwalba. Ba yankewa ake so ba, ɓamɓarewa ake so, abin da Saude ta hana. Baffa ya ruga gida ya dawo da pinsi, filayar da yake gyaran moto da ita. Na durƙusa a gaban Baba na ɗora hannun dama a gwiwarsa, ya damƙe min wuyan hannu da hagunsa. Ban san akwai sauran ƙarfi haka a jikinsa ba. Baffa ya kama bakin farcen.

"Ɗiyata, abin ga da zahi."

"Baffa, ja. Ba mu da lokaci."

Na babban yatsa ya fita da sauƙi, har na ce ashe abin ba wuya. Na manuni ya tafi da rabin farcena na gaske. Na ciji zanen biki, ban yi kuka ba. Kaina na juye wajen Gunya, kuma ina ganin ƴar ƙafar nan tana motsi, tana miƙewa tana janyewa. Na tsakiya ya ƙi, sai da Baffa ya zura bakin aska ƙarƙashinsa ya ɗaga a hankali, yana ta salati, ni ina ce masa ya yi sauri. A na huɗu jini ya sa pinsi yana zamewa, sau uku yana kamawa. Da na sake waiwayawa ƙafar tana nan yadda take, ba ta motsi. Ban gaya wa kowa ba, na miƙa ƙaramin yatsa.

Inna ta zuba min ruwan ɗumi na wanke da sabuni har kafaɗa, na shafe hannun da man gyaɗa. Zafin da yatsuna suka yi ba ya faɗuwa, amma hankalina ba ya kansu.

"Ku tashe ta tsaye," in ji Baba. "In tana kwance ba wuri."

Inna ta ja ragama, Baffa ya tura, Gunya ta miƙe tana tangaɗi. Baba ya ce Baffa ya dafa goshin duƙushin ya mayar da shi ciki duk lokacin da ta saki yunƙuri. Ni na bi ta gefen wuya na zura hannu. Ciki zafi, ga matsi. Da ta yunƙura sai na ji kamar ƙashin hannuna zai tsage, na tsaya cak na jira ta saki. Na ƙara shiga har kumatuna ya manne da cinyarta.

"Kin samu gwiwa?"

"Na samu."

"Bi ta ƙasa. Kar ki ja sai kin rufe kofaton cikin tahin hannunki."

Na sani, amma na bar Baba ya faɗa. Na tura gwiwar sama, na bi ƙaurin da yatsu har na kai ga kofato, na dunƙule shi a tafina yadda ba zai karce ta ba. Sau biyu yana kuɓuce min. A na uku na riƙe, na lanƙwaso shi a hankali, a hankali, sai na ji ƙafar ta miƙe ta biyo hannuna. Na fito da ita kusa da ƴar'uwarta. Gunya ta sake kwantawa, ni da Baffa muka kama ƙafa ɗaya ɗaya, muna ja in ta yunƙura, muna tsayawa in ta tsaya. Kafaɗa ta wuce, sauran jikin ya sulluɓo gaba ɗaya a kan zanena.

Namiji ne, mai farin goshi, dogayen ƙafafu. Na yage rigar haihuwar daga fuskarsa, na share masa hanci, na murza ƙirjinsa da harawa. Na toshe hanci ɗaya na hura a ɗayan. Na yi ta yi har Baffa ya dafa min kafaɗa, na ture hannunsa na ci gaba. Sai da Baba ya ce, "Nasiba, bari," sannan na bari.

Gunya ta ɗago kai ta shinshine shi, ta lashe shi, ta yi masa ƴar ƙaramar haniniya. Wannan ita ce ta karya min zuciya, na zauna a cikin taɓo na yi kukan da ban yi wa pinsi ba. Baffa ya ɗauki gawar duƙushin ya kai bayan gari.

Kafin azahar mabiyiya ta faɗo cikakkiya. Gunya ta miƙe, ta sha ruwan dusa da kanwa, ta sa baki a harawa. Da la'asar ruwa ya janye likita ya iso, wandonsa jiƙe har cinya. Ya sa safar hannu ya duba ta ciki da waje, ya ce ko ƙwarzane babu, ya tambayi wa ya juya ƙafar. Baffa ya nuna ni da haɓa ya ce, "Ɗiyata ta." Likita ya ce irin wannan sau da yawa uwa da ɗa ake rasawa. Gaskiya ya faɗa. Da hannuna na fitar da goɗiyar nan da rai, kuma ban san namijin da zai iya haka a garinmu ba. Wannan nawa ne, ba mai ƙwace min shi.

Ɗayan ma, rashin duƙushin, nawa ne. Inna na ɗaure min yatsu da tsumma tana cewa tun a ciki ya mutu, haka Allah ya rubuta, kada in sa wa raina. Na bar ta ta faɗa. Ni na ga ƙafar tana motsi, kuma na san tsawon lokacin da farata biyar suka ci.

Baba ya ƙi a mayar da shi ɗaki. Har rana ta yi sanyi yana nan jingine da bango yana kallon Gunya, ita kuma tana ta waiwayen inda ɗanta ya kwanta. Daga can unguwar su Sakina ana jiyo kiɗa da guɗa. Sakina ta aiko sau biyu, na ce a gaya mata gobe zan zo in yi mata bayani. Na je na zauna a gefen tabarmar Baba.

"Baba, tun Talata ban taɓa hantsat ta ba. Ƙarya nika yi maka. Da na taɓa, da na ga alama, da na koma Buza an ɗebe su tun shekaranjiya."

Bai dube ni ba.

"Na sani."

"Ka sani?"

"In kinka taɓa ta, takan buga ƙahwa ƙasa sau biyu. Daga ɗaki nika jin ta kullum. Kwana ukku ban ji ba."

"To don mi ba ka yi magana ba?"

Bakinsa na ɓarin da ya shanye yana rawa, ya sa hannun hagu ya goge shi.

"Na ji ki kina dariya da Alƙasim. Na ji ki kin hita da Akawal a guje. Shekara biyu kina shara da ɗaukar kashin doki, ba ki yi ado ba ko sau guda. Sai nic ce a bar ta ta yi bikinta, kwana shidda na, goɗiya ta jira." Ya ƙara da cewa, "Ni ma na ƙirga, Nasiba. Tare munka yi kuskuren."

Na kifa kai a gwiwarsa, ya ɗora min hannu a ka, muka zauna haka. Tausayinsa ya fi ƙarfin baƙin cikina, don ni ina da shekaru a gaba da zan ga wani duƙushin, shi kuwa bai sani ba.

Can ya ɗaga hannun ya ce, "Tashi ki rage mata nono, kar shi kumbura shi sa mata zazzaɓi."

Na ɗauko ƙwarya na tsuguna a gefen Gunya. Ta juyo ta shinshini tsumman yatsuna, ta tsaya. Hantsar ta cika tam, tana ɗiga da kanta. Na tatsa da hannun dama, jini na ɓullowa ta tsumma, na hagu na riƙe da ƙwaryar, faratansa biyar jajaye ba abin da ya same su.